Kwamfutar Baba Mai Agogo Ta Daina Ruri

Sai da Akawu ya kwance notin ƙarshe ya ɗaga murfin, sannan ya ja da baya yana toshe hanci. Cikin kwamfutar kamar an shimfiɗa tsohon bargo. Ƙura ta yi curi-curi tsakanin wayoyi, ta dame fuka-fukan fanka, har da busasshen kyankyaso a kusurwa, ƙafafu sama.

"Baba, wannan ai ba kwamfuta ba ce, ɗakin shirgi ne. Yaushe rabon da a buɗe ta?"

"Tun da aka haife ta ba wanda ya taɓa ganin cikinta," in ji Baba Mai Agogo daga kan kujerarsa. "Kai ne na farko, kuma ko izini ba ka nema ba."

Bango ɗaya ne ya raba ɗakin Baba da ɗakin kwanan Akawu, a wani dogon gidan haya mai ƙofofi a jere. Baba ya yi rayuwarsa yana gyaran agogo, har hannu ya fara rawa ya rufe shago. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'ya sun watse neman abinci, sai ƙaramarsu, wadda kowa ke kira Auta, ita ce ke waiwayarsa. Ita ta sai masa kwamfutar, ta gwanjo, don su riƙa ganin juna idan ta kira daga garin da take aiki. Sai dai Baba ya samo mata wani aikin, wato wasan karta. Kullum da safe yakan sha shayinsa, ya sunkuya ya danna maɓallin akwatin da ke ƙarƙashin tebur, ya zauna su kara. Kuma kullum sai ya rantse tana leƙa masa kati.

Ita kuwa da an danna ta sai ta fara tari, ta yi gurnani, sannan ta ɗauki ruri kamar injin niƙa. A ɗakin Akawu har hoton da ke jikin bango yakan ɗan yi rawa. Jaririyarsu takan zabura ta tsala kuka, matarsa, wadda ta kwana tana jijjiga, ta harari bango ta harare shi.

Amma rurin nan yana da wani amfani da Akawu bai cika son a tono ba. Bara ne jiri ya kayar da Baba a bakin banɗaki, Auta ta zo a ruɗe. Da za ta koma, ta tsaya a ƙofar Akawu ta miƙa masa makulli ɗaure da jan zare.

"Yaya, ba wani abu mai yawa nake roƙo ba. Kafin ka fita aiki, ka ƙwanƙwasa ka ji muryarsa. Shi ke nan. Ya ƙi bi na, ya ƙi a kawo mai kwana da shi."

"Haba, Auta, har sai kin roƙa? Ai ubana ne. Ki kwantar da hankalinki."

Da gaske yake a lokacin, kuma ya yi ta ƙwanƙwasawa. Matsalar ita ce Baba ba ya iya amsa gaisuwa a taƙaice. Ka ce masa ina kwana, sai ya ba ka labarin mutumin da ya kawo masa agogon da ya faɗa rijiya. Akawu ya makara sau da yawa, shugabansa ya fara kallon agogon ofis idan ya shigo. Ana haka sai dabara ta faɗo masa: tunda ruri na nufin tsohon ya tashi, ya sha shayi, har ya iya sunkuyawa ƙarƙashin tebur, me ya rage a tambaya? Daga nan sai ya zama yana ɗaure takalmi yana saurare. Da bango ya ɗauki rawa, ya ɗauki jaka. Har alfahari ya yi wa matarsa, wai shi daga kan gadonsa yake duba maƙwabci.

Yanzu dai kwamfutar ta kai maƙura. Kafin ta buɗe, shayi ya huce. Idan Auta ta kira, fuskarta takan daskare baki buɗe, Baba ya yi ta magana da hoto. Akawu kuwa a ofis shi ake kira idan na'ura ta yi gardama, kuma yana jin daɗin hakan fiye da yadda yake nunawa. Shi ya sa ranar hutunsa ya shigo da burushin fenti da famfon keke, ya ce yau za a yi ta ta ƙare.

Ya fitar da akwatin baranda, ya dinga share lungu-lungu da burushi, yana bi da iskar famfo. Ƙura ta tashi ta sauka a kan takalman maƙwabta. Da ya dawo da shi ciki ya juya fankar da yatsa, sai ta yi ƙara ta tsaya.

"Ga mai laifin nan. Ta bushe ne. Da za a sami ɗan mai, ko numfashinta ba za ka ƙara ji ba."

Baba ya ce, "Ka gyara mata tafiyar dai, ka bar mata muryarta."

"Wace murya, Baba? Wannan ihun?"

"To ai ihun ne ke gaya muku ina nan." Ya faɗa yana murmushi, idonsa a kan Akawu. "Ko ka zaci ban sani ba? Ina jin ƙarar ƙofarka. Sai ta fara kuka kake fita."

Kunya ta kama Akawu har cikin kunne, sai ya rufe ta da dariya. "Kai, Baba. Ai sai in dawo ƙwanƙwasawa kamar da. Ni da kaina na fi fanka."

"Haka ne," in ji Baba. "Kuma jaririyar nan ta sami barci. Uwarta tana gaishe ni da ladabi, amma idonta na zagina."

Ya sa Akawu ya jawo masa wata tsohuwar gwangwani daga ƙarƙashin gado. Kayan aikinsa ne a ciki, nannaɗe cikin ƙyalle: ƙaramar matsefata, madubin ido, da wata 'yar kwalba ta man agogo da ba ta kai ɗan yatsa ba. Ya ce ba zai yarda a zuba wa abin mutane man keke ba yana raye. Ya tsoma bakin allura a kwalbar, ya ɗago ɗigo ɗaya, amma hannun ya ƙi tsayawa. Akawu ya riƙe masa wuyan hannu, a haka su biyu suka sauke ɗigon a tsakiyar fankar.

Sauran aikin na kan allo ne. Akawu ya tarar da manhajoji rututu da ke tashi da kansu da an kunna, waɗanda Baba ya tara saboda duk abin da ya fito ya tambaye shi, sai ya danna masa "to", wai rashin kunya ne a ce wa baƙo a'a. Ya cire su. Ya kori tallace-tallacen maganin sanƙo da na rage tumbi, ya zubar da kwandon sharar da ba a taɓa zubarwa ba, ya share tarkacen fayilolin da suka cika mata ciki. Karta kaɗai ya bari, da manhajar kiran Auta. Da ya sake kunnawa, kafin Baba ya gyara zaman tabarau har ta buɗe. Ba tari, ba gurnani. Sai ɗan koren haske a jikin maɓalli, da ƙas-ƙas ɗin agogunan da ke rataye a bango.

Baba ya kara tafin hannu a bayan akwatin ya ji iska na fita. "Aiki ya yi kyau," ya ce. "Allah ya yi albarka."

Da yamma Auta ta kira, fuskarta tar, muryarta ba yankewa. Ta yi ta godiya har Akawu ya rasa inda zai sa kansa. Ya koma ɗaki yana jin kansa wani babba.

A kwanakin farko ya cika alkawari. Maganar Baba ta tsaya masa a rai, don haka yakan ƙwanƙwasa, ya sha labarin agogo, ya ruga tasha. Sai ƙarshen wata ya zo da aikinsa, aka ce kowa ya iso da wuri. Ran nan ya ce bari ya leƙa idan ya dawo. Washegari ya ji kamar motsin kofi ta bango, ya ce ai ya isa. Bai taɓa zama ya yanke shawarar dainawa ba, abin ya zame ne kawai. A da, da safiya za ta waye bango bai yi rawa ba, da ba takalmi zai fita ya duba. Yanzu kuwa shirun shi ne shaidar gwanintarsa. Jaririya tana barci har rana ta fito, matarsa ta daina hararar bango, gida ya yi daɗi.

Wata safiya yana tsaye yana ɗaura agogon hannu, matarsa ta shigo daga shanya da bokiti a hannu.

"Maigida, jiya ka ga Baba?"

"Jiya? Ina jin na gan shi. Me ya faru?"

"Burodin da mai burodi ke rataya masa a ƙofa. Na jiya yana nan, ga na yau a kansa."

Akawu ya ga burodin nan jiya da yamma. Ya wuce shi da jaka a kafaɗa, ya ce a ransa tsohon ya ƙoshi ne. Ya fizgi makullin mai jan zare daga ƙusar bayan ƙofa, inda ya daɗe a rataye har ƙura ta hau zaren.

Ya ƙwanƙwasa, ya kira, ba amsa. Da ya buɗe, wari ne ya fara tarbarsa. Kujera ta kife, kofi ya fashe, shayin ya bushe a siminti har tururuwa sun yi layi. Baba yana kwance a ƙasa ta gefen dama, da kayan barci, rabin jikinsa ƙarƙashin tebur. Idonsa a buɗe. Hannunsa na hagu yana miƙe, yatsa a kan maɓallin kwamfutar, koren hasken yana ci. A kan allo an raba karta ana jiran mai wasa.

"Baba. Baba, ni ne. Ga ni."

Leɓen tsohon ya motsa, bakin ya karkace gefe guda, ba abin da ya fito sai iska. Matar Akawu ta ajiye jaririya a kan gadon Baba ta ruga neman mota.

A asibiti likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya duba fatar kafaɗa da ta ƙugu inda siminti ya ci, ya dubi busassun leɓɓan, sannan ya dubi Akawu ta saman tabarau.

"Ya daɗe a ƙasa. Ya kwana, ko ma fiye. Irin wannan da wuri ake so a kawo. Kai ne ɗansa?"

"Maƙwabcinsa ne."

"To, ka kyauta da ka kawo shi."

Da ma zaginsa ya yi, da ya fi masa sauƙi. Ya fita baranda ya kira Auta, ya faɗa mata abin da ya faru ba tare da ya faɗi tun yaushe ba. Ta ce ga ta nan a motar farko.

Kafin ta iso, ƙarin ruwa ya ɗan dawo da Baba. Akawu yana zaune a gefen gado yana jiƙa masa leɓe da auduga, sai ya ji yatsun hagu sun kama masa riga. Ya sunkuya. Maganar tana fitowa a ja, kamar harshen ya yi wa bakin yawa.

"Na kunna ta."

"Na gani, Baba. Kada ka wahalar da kanka."

"Na kashe. Na kunna. Na kashe." Ya huta, ƙirjinsa na hawa da sauka. "Na ce za ka ji. Na manta ka gyara."

Akawu ya kasa ɗaga kai. A zuciyarsa ya ga tsohon a ƙasa, murya ta tafi, ƙafa ta ƙi, ya ja jiki a kan siminti har ya kai ga abu ɗaya da ya san yana ratsa bango. Shi kuwa a ɗaya gefen yana ɗaure takalmi, yana jin daɗin shiru. Ya fita, ya dawo, ya ci abinci, ya yi wasa da 'yarsa, ya kwanta kansa a jikin bangon nan.

"Baba, ka yafe mini."

Rabin bakin da ke motsi ya ɗan ɗaga, irin murmushin da yake yi idan ya ci kwamfuta wasa. "Aiki ya yi kyau," ya ce.

Auta ta iso da la'asar, mayafi a karkace, idanu sun kumbura. Ta durƙusa ta riƙe hannun mahaifinta ta daɗe tana kuka a hankali. Da ta natsu sai ta juyo.

"Yaya, ban san da bakin da zan gode maka ba. Da ba ka da makullin nan fa?" Ta share ido. "Jiya da safe da ka leƙa shi, bai ce maka wani abu na damunsa ba? Ko ciwon kai?"

Akawu ya buɗe baki. Bai san abin da zai fito ba, gaskiya ko akasinta. Sai aka ji ƙwas-ƙwas. Baba ne ke buga ƙarfen gado da zoben hannunsa na hagu. Auta ta matsa ta kara kunne.

"Yana zuwa," in ji Baba. "Kullum."

"Na sani, Baba. Na sani." Ta shafa masa goshi, ta waiwayo ta yi wa Akawu kallon godiya.

Matar Akawu tana tsaye a bakin ƙofa da jaririya a kafaɗa. Ta ji komai. Ta sunkuyar da kai ta gyara wa yarinyar hula, hular da ba abin da ya same ta.

Baba bai ƙara wata doguwar magana ba. Ya yi 'yan kwanaki yana tafiya yana dawowa, ƙirji ya cika, numfashi ya yi nauyi. Akawu ya ɗauki hutu a ofis, abin da bai taɓa yi ba, ya zama shi ne mai juya shi, mai sayo magani, mai kiran ma'aikaciyar jinya. Masu jinyar gadajen kusa suka riƙa cewa irin wannan maƙwabci sai an tona. Kowace kalma tana sauka masa kamar mari, kuma ba shi da bakin cewa su daina. Wata safiya, Auta ta fita wanke kofi, Baba ya ja numfashi ya sake, bai ƙara ja ba. Akawu ne ya rufe masa ido.

Bayan an yi jana'iza baƙi sun watse, Auta ta zauna kwashe ɗakin, don mai gida ya riga ya sami wanda zai shiga. Yayyenta suka raba agogunan bango suka tafi, aka bar farar alama a duk inda ɗaya ya taɓa rataya. Ta naɗe katifa, ta zuba tufafi a buhu. Akawu yana taya ta ɗaure kwalaye.

"Kwamfutar taka ce, Yaya. Da gwangwanin kayan aikinsa."

"A'a, Auta. Ki kai wa yara."

"Wallahi ba zan ɗauka ba. Ranar da ka gyara ta, bayan ka fita ya sake kira na. Ya ce yau ya ga mai hannu, wai da ka zo shagonsa kana yaro da ya mai da kai mutum." Ta yi 'yar dariya, hawaye na biyo ta. "Ya ce yanzu ya daina damun jikarsa ta bayan bango."

Ya so ya faɗa mata a lokacin. Ya kalli bayanta tana ƙulle bakin buhu, ya tuna ƙarar zobe a ƙarfen gado. Maganar ƙarshe da tsohon ya yi da cikakken hankalinsa ke nan, kuma don shi ya yi ta. Ya rasa ko warware ta cin amana ne, ko riƙe ta. Sai ya ce mata kawai ya gode.

Ta fita neman motar da za ta kwashi kaya. Ɗakin ya rage daga shi sai tebur da akwatin da ke ƙarƙashinsa. Ya durƙusa zai zare waya daga bango, sai ya ga jikin maɓallin. Wurin da ya goge tas ranar nan ya yi dabbare-dabbare da shatin yatsa, wani kan wani, da busasshen shayi. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗora nasa yatsan a wurin ya danna.

Koren hasken ya kama. Ya miƙe, ya jawo ƙofar ya rufe, ya shiga nasa ɗakin. Ya zauna a bakin gado inda yake ɗaure takalmi, ya saurara. Ba komai, sai muryar mai sayar da ruwa a titi. Ya hau gadon da gwiwa, ya ture matashi, ya manna kunnensa a jikin bango, ya toshe ɗayan da yatsa.

Da farko bugun jininsa kawai yake ji. Can sai ga ƙarar fankar, siririya, ba yankewa, kamar numfashin mai barci a ɗaki na gaba.

Matarsa ta turo ƙofa da jaririya a hannu, ta gan shi a haka. Yarinyar ta fara ƙananan kuka. Uwar ta ɗora ta a kafaɗa tana bubbuga bayanta a hankali har ta yi shiru, sannan ta zauna a gefen gadon, ba ta ce masa ya sauko ba.